Ranar da Na Hau Tsani a Shagon Uwarsa

Masu rubuto min cewa na cika taurin kai, ku gyara zama, yau kun samu abin faɗa. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: ni ce auta a gidanmu, sana'ata saka kyamarorin tsaro a shaguna da ofisoshi, kuma akwai wanda yake son aurena. Tayoyin mota yake sayarwa, shi ya sa na ajiye lambarsa da sunan Mai Taya. Har yau ban canza ba, duk da mitar da yake yi wai ko ɗan hoton zuciya ban saka masa a gefe ba.

Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aibinsa ɗaya, tsoron mahaifiyarsa. Da ta tambaye shi aikin da nake yi, sai ya ce mata a ofishin kwamfuta nake. Bai ce mata ina hawa tsani da injin huda bango a hannu ba. Na sha ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, ya ce in bari a yi auren tukuna, daga baya za ta saba.

To, ran nan da la'asar ina tsaka da naɗe kebul a tsakar gida, baƙuwar lamba ta shigo.

"Ke ce mai saka kyamara?"

Na gane muryar mahaifiyarsa ce, don na taɓa gaishe ta sau ɗaya ta wayarsa. "Ni ce, Hajiya. Ina wuni?"

"Lafiya. An ce min kin iya. Gobe da safe ki zo ki duba min na shagona. Da kanki za ki zo, kar ki aiko min kowa."

Ta kashe. Ko minti biyar ba a yi ba saƙonnin Mai Taya suka fara sauka kamar ruwan sama.

"Wata ƙawarta ce ta gan ki kina aiki a wani kanti ta kai mata labari. Don Allah ki ce ba ki da lafiya."

"Lafiyata ƙalau."

"To ki tafi da wani ya hau, ke ki tsaya a ƙasa kina nuna masa da biro."

"Ta ce da kaina."

"Ba ki san Hajiya ba."

"Gobe zan san ta."

Na ga alamar yana rubutawa yana gogewa. Can sai ga shi: "Wanda ya saka mata kyamarorin nan, ki yi masa sassauci."

"Waye?"

Ya turo min hoton birin nan mai rufe ido da hannu biyu. Na ajiye wayar na yi dariya har Umma ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya.

Kuskurena shi ne gaya mata. Kafin gari ya waye ta kira Gwaggo, ƙanwar Abbanmu, wadda idan aka ce maganar aure ce ko a kan gadon asibiti take za ta cire ƙarin ruwa ta taho. Da na fito daga wanka na tarar sun shimfiɗa min doguwar rigata mai duwatsu a kan gado, da takalmi mai tsini, da ƙaramar jakar da ko sukudireba ɗaya ba za ta ɗauka ba.

"Ga abin da za ki saka," in ji Gwaggo.

"Aiki zan je, Gwaggo."

"Surukarki za ki je gani. Wace uwa ce za ta ga yarinya manne da bango kamar ƙadangare ta ce a kawo mata ita gida? Ki je ki gaishe ta, ki sunkuyar da kai, ki ce kin daina wannan aikin tuntuni."

Umma ba ta da hayaniya, nata ya fi shiga jiki. Ta zauna a bakin gado tana shafa rigar. "Auta, ban hana ki neman na kanki ba. Amma wannan shi ne na farko da kika kawo min na ga hankalinki ya kwanta da shi. Kar ki rasa shi a kan tsani."

Na durƙusa a gabanta na riƙe hannunta. "Umma, idan na ɓoye yau, gobe ma sai na ɓoye. Gara ta gan ni yadda nake, in ta ƙi, ta ƙi ni ɗin gaske."

Na saka wandona mai faɗi, da riga ruwan toka har gwiwa, da ɗan hijabin da nake tura bakinsa cikin riga don kada injin ya kama shi, da takalmin kambas. Abin da na yi musu kawai, na zizara kwalli na kuma yarda Umma ta fesa min turarenta. Gwaggo ta bi ni har ƙofa tana cewa in aka koro ni kar in zo mata da kuka.

Shagon Hajiya na turare ne da mayafai da jakunkuna. Ƙofarsa gilashi ce tun daga sama har ƙasa, tana kallon gabas. Kana shiga sanyi da ƙamshi su tare ka. Kantoci na gilashi a jere, kwalabe ƙanana da manya suna ta ƙyalli, mayafai a rataye daga silin kala-kala. Daga can ciki akwai teburin karɓar kuɗi, bayansa labule, bayan labulen sito da ɗan ɗakin ma'aikata.

Ita kuma tana zaune a kujerarta, cikin leshi ruwan zuma, da gilashi a kan hanci. Ta kalle ni tun daga kambas har hijabi, ta kalli jakar kayan aikina, ta kalli tsanin da na jingina a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba yabo ba fallasa.

"Turaruka suna ɓata min," ta ce, ba tare da wani zagaye ba. "Masu tsadar, daga sito. Na kuma san mai ɗauka. So nake ki fito min da hoton a fili, don kar a ce na zalunce ta."

Ta nuna da haɓa. A can gefe wata mata ce mai matsakaicin shekaru tana goge kwalabe, ta ba mu baya, amma daga yadda kafaɗunta suka ƙame na san tana ji. Maman Biyu ake ce mata. Daga baya na ji cewa tun shagon yana tebur ɗaya a bakin titi take tare da Hajiya, kuma da wannan aikin take riƙe da tagwayenta tun rasuwar mijinta.

"Me ya sa kike zarginta, Hajiya?"

"Kullum da rana ina tafiya gida cin abinci. Ina fita, kyamara ta mutu. Kafin in dawo ta dawo. Wa ke shagon a lokacin? Ita. Ƙarshen makon nan zan sallame ta."

Na ce ta ba ni izini in duba. Ta juya min talabijin ɗin da ke kan teburin.

'Yan uwa, na sha ganin aikin ganganci, amma na Mai Taya na daban ne. Kyamarori huɗu ya saka. Ta farko ya ɗora ta can cikin shago tana kallon ƙofar gilashi kai tsaye, rana tana dukan idonta. Duk wanda ya shigo baƙar inuwa ce kawai, ko ubanka ne ba za ka gane shi ba. Ta biyu ya kai ta ƙololuwar silin a kan teburin kuɗi, ba abin da take ɗauka sai tsakiyar kai. Ɗankwali, hula, ɗankwali. Ta uku wani koren mayafi ne ya rufe mata fuska, ta yi wata da watanni tana gadin mayafi ɗaya. Ta huɗu tana waje tana kallon motocin maƙwabta, ga gizo-gizo ya yi gida a kanta. Kebul duk a fili, an manna su da salatif, mai almakashi ɗaya ya gama da su. Agogon hoton kuwa yana nuna wata shekara da ko shagon ba a buɗe ba.

Na ɗaga labule na shiga sito. A ƙarshensa akwai ƙofar ƙarfe mai fita lungun baya. Babu kyamara ko ɗaya a wajen.

Na dawo na tsuguna a ƙarƙashin teburin. Akwatin da ke naɗe hotunan yana nan a ƙasa, a fili, ɓarawo zai iya saɓa shi a hammata ya tafi da shaidar gaba ɗaya. Na bi igiyar wutarsa da hannu har bango. Soket ɗaya ne tak a wajen, a gefensa kuma ga butar lantarki da kofuna.

Na miƙe na karkaɗe gwiwata. "Maman Biyu, don Allah dafa min shayi. Yadda kika saba yi kullum."

Ta kalli Hajiya. Hajiya ta ɗaga gira, amma ba ta hana ba. Matar ta zo jiki a sanyaye, ta zuba ruwa a buta, ta sunkuya ta zare baƙin fulogin da ke soket ɗin ta jona na butar.

Talabijin ya yi baƙi ƙirin.

Butar ta fara huci. Maman Biyu ta kalli talabijin, ta kalli fulogin da ke hannunta.

"Wallahi na ɗauka na fitilar kantocin nan ne. Ba wanda ya taɓa ce min…"

"Ba laifinki ba ne," na ce. "Akwatin nan ya kamata ya samu nasa layin shi kaɗai, da batirin da zai riƙe shi ko wuta ta ɗauke." Na mayar da fulogin, na jira hoto ya dawo, na buɗe naɗin kwanakin baya. "Hajiya, ga giɓin rana, na shayi. Amma akwai wani ƙarami kullum da safe, lokacin kina nan. Shi fa?"

Ta gyara gilashinta. Ta daɗe tana kallo.

"Lokacin nake jona kaskon turare," ta ce a hankali.

Na danne dariyata da ƙyar. Na rantse muku na ga gefen bakinta ya motsa, amma nan take ta haɗiye shi.

"Ɗana ne ya saka su da hannunsa," ta ce, tana kallona ta saman gilashi. "Me kika gani game da aikin?"

Na san tarko ne. In na yabe shi, maƙaryaciya ce ni. In na kushe shi, marar kunya.

"Kayan da ya saya masu kyau ne, bai yi rowa ba. Wurin da ya saka su ne babu ɗaya da ya dace."

"Wato bai iya ba."

"Bai iya ba, Hajiya. Ni ma in aka ba ni taya in saka, motar ba za ta kai bakin titi ba."

Ta aiki Maman Biyu sayen wani abu a tsallake, ta jira ƙofa ta rufe, sannan ta matso da kujerarta ta rage murya.

"Na ji ta shayi. Amma turare bai da ƙafa. Akwai ƙananan nan da ake ɓoyewa a agogo ko a fitila. Ki saka min ɗaya a ɗakin ma'aikata, kar kowa ya sani."

"A nan suke canza kaya, ko?"

"A nan suke ajiye jakunkunansu."

"A nan kuma suke canza kaya, su yi salla, su kwanta in sun gaji. Ba zan saka ba, Hajiya."

"Shagona ne."

"Shagonki ne, amma jikinsu nasu ne. Kuma hoto in ya shiga na'ura ba ki da tabbacin idon da zai faɗa. Ban taɓa saka wa kowa ba, ba kuma zan fara ba."

Ta jingina da baya. "Kin san wa kike gaya wa a'a?"

Na tuna Umma tana shafa rigar nan mai duwatsu. Amma na san aikina, na kuma san abin da zan iya kwana da shi.

"Na sani. Shi ya sa nake so in yi miki aikin da ba za ki ji kunyarsa ba. Ki bar ni in saka ɗaya a ƙofar baya, ɗaya a kan kantocin sito. A gaya wa ma'aikata, a manna sanarwa a ƙofa. Kyamarar da aka sani tana hana sata. Ta ɓoye kuwa sai an yi ta gama take nuna miki."

Ta daɗe tana juya zoben hannunta. "Yi in gani."

Na shigo da tsani.

Yinin nan kaf a sama na yi shi. Na sauko da ta teburin kuɗi daidai inda za ta ga fuska da hannu. Ta ƙofa na mayar da ita gefe, rana ta koma bayanta. Na 'yanto ta bayan mayafi, na juyo da ta waje ta kalli bakin shagon, na ƙara biyu daga jakata a baya. Na zura kebul cikin bututu, na kai akwatin naɗi cikin wata durowa mai makulli a sama, na ja masa layinsa, na haɗa batir, na saita agogo. Ƙurar siminti ta yi min hoda har gira. Masu sayayya suna shigowa su ɗaga kai su kalle ni, wata ma ta ce, "Ikon Allah, mace ce." Hajiya ta ce mata, ba tare da ta ɗago daga abin da take yi ba, "Da me kika ɗauka?"

Ranar ba ta tafi gida cin abinci ba. Aka kawo mata, ta sa aka zuba min a faranti.

Saura abu ɗaya, lambar sirri. Na tambaye ta, ta ce ba ta sani ba, ɗanta ne ya saka mata a waya. Na gwada wadda ake sayar da na'urar da ita daga kamfani, wadda duk mai irin akwatin ya sani. Ta buɗe. Na girgiza kai. Mai Taya, Mai Taya.

"Hajiya, wannan kamar ki kulle shago ne ki bar makullin a jiki. Yanzu haka waya uku ke kallon shagon nan."

"Biyu dai. Tawa da tasa."

"Uku na gani."

Kafin ta amsa wasu mata suka shigo neman jakunkuna, ta tashi ta tare su. Na taɓa jerin don in ga wayoyin. Ta farko tata. Ta biyu tasa. Ta uku mai ita ta raɗa mata suna da kanta, har da ɗan hoton kambi a gefe: Gimbiya.

Gimbiya ita ce yayar Mai Taya, 'yar fari, 'yar lelen Hajiya. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ina bin shafinta. Turare take sayarwa ta waya, masu tsada, a farashin da na sha mamakin yadda take fita.

Na ji numfashi a kafaɗata. Maman Biyu ce, idonta a kan sunan.

"Ki rufa min asiri, ki yi kamar ba ki gani ba," ta raɗa.

"Kin sani ke nan."

"Tana da makullin baya. In ta ga Hajiya ta fita sai ta zo ta lungu. Ta ce min ita za ta gaya wa uwarta da bakinta, in na riga ta kuma za ta ce ni ce." Ta share ido da gefen mayafi. "'Yar nan, da wane baki zan ce wa uwa 'yarta ce? A goye na san ta."

"Da sai ki bari a kore ki?"

Ta koma wajen kwalabenta ta ci gaba da gogewa.

Na cire wayoyin duka, na saka sabuwar lamba, na mayar da ta Hajiya kaɗai. Na sa ta rubuta lambar da hannunta ta adana. Ta zagaya tana kallon hotunan ɗaya bayan ɗaya, fuskar kowa tar kamar a madubi. Ta tsaya a kan na ƙofar baya ta daɗe.

"Maman Biyu," ta kira, "gobe ki zo da wuri, akwai kayan da za a sauke." Daga nan ta juyo gare ni. "Ya ce min a ofis kike aiki."

"Ban taɓa cewa haka ba, Hajiya."

"Na lura." Ta kalli ƙurar da ke girata. "Ki gaishe da mahaifiyarki."

Bayan magariba Mai Taya ya zo. Muka zauna a bencin da ke jikin katangarmu. Ya sha farar riga da agogon da na saya masa, ya zo min da lemo mai sanyi, yana ta murmushi.

"Hajiya ta ce kin iya aiki. Kin san rabon da in ji ta yabi mutum? Ni kuma ta ce kar in ƙara taɓa ko ƙwan fitila a shagonta."

"Ta yi gaskiya."

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Af, hoton ya ɗauke a wayata. Turo min sabuwar lambar."

"Ka tambayi Hajiya. Tata ce."

"Haba, ni da ke?"

"Kai kake so, ko Yaya Gimbiya?"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ajiye lemon a ƙasa. Daga yadda ya kasa kallona na gane abin da nake tsoron ganewa.

"Ka sani," na ce.

"Kwanan nan na sani. Mijinta ba ya aiki, tana cikin wani hali, ba ta so Hajiya ta ji. Ta yi min alkawari za ta daina."

"Shi ne ka zura ido za a kori matar da ke ciyar da marayu?"

"Da na san yadda zan lallashi Hajiya ta bar ta."

"Ta bar ta da sunan ɓarauniya."

Wata mota ta wuce ta haske mu, na ga gumi a goshinsa. Ina son mutumin nan, ku sani. Ina son yadda yake tsayawa ya taimaki duk wanda ya gani da faci a hanya, ina son yadda yake sauraron surutuna ba ya gajiya. Amma a daren nan na ga cewa tsoron da ya sa ya mayar da ni 'yar ofis, shi ne dai ya sa ya bar Maman Biyu a bakin wuta.

"Ga abin da zan yi," na ce. "Ba zan kai ƙarar kowa ba. Ka gaya wa Yaya akwai kyamara a ƙofar baya yanzu, ni ba tarko nake ɗanawa ba. Ta je ta samu Hajiya da kanta. Amma in Hajiya ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Za ki rusa mana komai."

"In gaskiya ɗaya za ta rusa shi, da ma ba a gina shi da kyau ba."

Ya tafi ba tare da ya shanye lemonsa ba. Ina shiga ɗaki saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba, amma hoton da ke kanta na kambi ne. Gimbiya ce.

"Ƙanwata, sannu da aiki. Shawara ce: mai son shiga gida ba ta fara da leƙa ɗakunan mutane. Ina jiran lambar."

Na rubuta mata: "Yaya, ina wuni. Lambar tana wajen Hajiya." Na kashe wayar na kwanta, barcina na yi har da minshari, in ji Gwaggo.

Washegari da hantsi ina falo ina karyawa, da tsohuwar rigar barci da hular gashi, Umma da Gwaggo suna ta yi min tambayoyi a karo na goma, muka ji tsayuwar mota. Gwaggo ta ɗaga labule ta sake shi da sauri.

"Ita ce. Da kanta. Tashi ki saka kaya."

Ban samu dama ba. Sallamarta ta riga ni. Umma ta tare ta da fara'a, tana gyara kujera tana jan mayafi, Gwaggo ta tura farantina ƙarƙashin tebur da ƙafa. Hajiya ta shigo cikin shuɗin leshi, idanunta sun yi ja kamar wadda ba ta runtsa ba. A bayanta Mai Taya ne, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da makullin mota, kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Aka gaisa. Aka kawo ruwa, ba ta taɓa ba.

"Ku yi haƙuri da zuwan ba sanarwa," ta ce wa Umma. "Tambaya ɗaya na zo yi wa 'yarki, na kuma fi so in yi ta a gabanki." Ta juyo gare ni. "Jiya kin ce waya uku. Tawa ɗaya, tasa ɗaya. Na tambaye shi a hanya, ya ce wataƙila kuskuren na'ura ne. Ke na ga ba kya kuskure, ba kya kuma tauna magana. Ta ukun ta wa ce?"

Ta bayan kafaɗarta na ga Mai Taya yana girgiza min kai a hankali. Umma ta dafa gwiwata, yatsunta suna matsa ni. Gwaggo ta ƙura min idon nan nata mai cewa ki yi wa kanki faɗa.

Na ajiye kofina a kan tebur.

"Ba kuskuren na'ura ba ne, Hajiya. Na ga sunan. Amma ba daga bakina ya kamata ki fara ji ba, tunda ga wanda ya riga ni sani a tsaye a bayanki." Na ɗago na kalle shi ido cikin ido. "Ka gaya mata. In ka kasa, ni zan faɗa, daga nan kuma ba sai ka ƙara zuwa bencin nan ba."

Hajiya ta juya a hankali, kujerar ta yi ƙara. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu.

"Ina jin ka," ta ce wa ɗanta.

Ya kalle ni, ya kalli uwarsa. Ya saka makullin motar a aljihu, ya cire takalmansa, ya tako har gabanta ya durƙusa.